Kada Ku Sauka Daga Tudun Nan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa.

Ni ce Hadizatu 'yar Ado, matar marigayi Ibrahimu, wadda kuke kira Iya. Ina rubuta wannan a ɗakina, a kan tudun unguwarmu da ke gabas da madatsar ruwa ta Jabal Awliya, a bazarar 1999. Hankalina yana jikina sarai. Na san ranar da muke ciki, na san sunan kowane jikana da na uwarsa, babu kuma wanda ya tsaya a kaina ya ce in rubuta kaza. Ƙafafuna ne suka kumbura, numfashina ya gajarta. Likita ya ja babban ɗana Sabitu bayan ƙofa ya faɗa masa abin da ya faɗa masa, ni kuwa ban buƙaci a fassara mini ba. Na fara da batun hankali ne saboda na san idan an gama karanta takardar nan akwai wanda zai ce tsohuwa ta ruɗe.

Da hannuna na rubuta, da Hausa, da ajamin da mahaifina ya koya mini. Da na nemi wani ya rubuta mini da Larabci, da maganar ta kai kasuwa kafin tawada ta bushe. Malam Suhaib, limamin masallacinmu, shi zai karanta muku, shi da ladaninsa kuma su ne shaiduna. A karanta a gabanku ku 'ya'yana uku a zama ɗaya, kai Sabitu, kai Muhajir, da ke Husna. Wanda Hausar ta yi wa nauyi ya tambayi Malam a fili, kada kowa ya ja ɗan'uwansa gefe ya ce zai fassara masa. Hussein mijin Husna a bar shi ya zauna. Ina so ya ji da kunnensa.

Na farko. Ku binne ni a maƙabartar da ke sama, wajen tsakuwa, ko da masu haƙa sun yi ƙorafin taurin ƙasa. Kada ku kai ni ta kwari don ta fi kusa. Na ga abin da ruwa ya yi wa kaburbura a Omdurman, ba na so jikokina su ga haka a kaina. Zaman makoki kwana uku ya isa. A ba baƙi shayi da ruwa da abin da ya sawwaƙa, amma kada a buɗe gangunan dawa don a ciyar da masu ta'aziyya. Ban tara dawar nan saboda mutuwata ba.

Na biyu. Ba a bina bashi, ba na bin kowa. Wanda ya zo bayana da wata magana, ya zo da shaidu.

Na uku shi ne gidan nan, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Kada ku sayar da shi, kada ku yi musayarsa da wani fili komai faɗinsa. Kun ji wannan daga bakina sau da yawa, kun ɗauka taurin kan tsufa ne. To bari in faɗa muku daga farko, domin Husna tana ƙarama lokacin, ku mazan kuma kowa ya riƙe abin da ya gani ne kawai.

Kakanku Ado ya baro ƙasar Katagum da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira, ya tsaya tsinkar auduga. A sansanin 'yan ƙwadago aka haife ni, a nan aka aurar da ni ga mahaifinku. Shi ba ya son noman wani, don haka muka ƙetare Farin Nilu muka kama gonarmu ta damina a yamma. Muka ci, muka ajiye, muka haife ku. Sai shekarun fari suka zo. Damina biyu a jere muna shuka, dawa ta fito kamar yatsa ta ƙone. Muka ci irin shuka, muka sayar da awaki a kan kuɗin fata, rijiya ta koma laka. A 1984 muka hau bayan babbar mota tare da mutanen da ba mu sani ba, aka sauke mu a yammacin Omdurman.

A can wani mutum mai farar jallabiya da taushin murya ya nuna mana wurin zama. Yashi ne fari, sumul, babu dutse ko ɗaya, yaro ma zai iya haƙa shi. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin ruwa ya kwanta a wurin ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa gwargwadon shekarun da ya sani, wataƙila kuma ya san fiye da haka. Mu da muka gudo daga fari, wa zai ce mana mu ji tsoron ruwa? Muka yi ginin laka ɗaki biyu. Shekara huɗu ba mu ga komai ba sai yayyafi.

A watan Agustan 1988 aka yi ruwan da kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ruwan sama bai rushe mana gida ba. Rufinmu ya riƙe har gari ya waye. Da hantsi, bayan sama ta yi shiru muna shanya tabarmi, wani ruwa ja ya taho ta ƙasa daga yamma, ɗauke da ƙofofi da gadaje da matattun tumaki. Ashe a tsakiyar busasshiyar ƙorama muke zaune, abin da Larabawa ke kira hor. Ruwa ya dawo hanyarsa ya tarar da mu a kai. Katanga ta narke daga gindi kamar sukari a shayi. Autata Nana, mai shekara tara, tana kwance da zazzaɓi a jikin bangon, ya rufta a kanta. Mahaifinku ya tsira daga bango, amma bai tsira daga ruwan sha ba. Kafin kududdufai su bushe zawo ya kama shi, ya tafi cikin 'yan kwanaki. An ce an aiko da tantuna da barguna da magani. Wasu sun iso hannunmu, wasu na gan su a kasuwa, ban san hanyar da suka bi ba.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, katafila ta zo unguwar, aka loda mu a motoci aka kawo mu nan. Mutane suka yi ta rububin filin ƙasa don ya fi kusa da titi, ya fi sauƙin gini. Ni na hau inda duwatsu suke huda takalmi. Sabitu, ka tuna yadda ka yi fushi da ni a kan jan ruwa zuwa sama. Kun tuna yadda muka kwashi dutse a daro har muka ɗaga harsashin ɗakin tsakiya ya kai gwiwa, muka haƙa lambatu tsakaninmu da gidan Sittana mai shayi, maƙwabciyarmu, don ruwan da ke gangarowa daga saman tudu ya wuce kwari bai taɓa katangar kowa ba. Bara da aka yi ruwa mai yawa, kun ga inda mutanen kwari suka kwana da 'ya'yansu. A tsakar gidan nan ne da na Sittana.

Na huɗu. Ku saurari abin da na lura da shi tun bayan ruwan bara, ku auna da hankalinku.

Hussein dillalin filaye ne, sana'arsa ke nan, ban ga laifinta ba. Mutum ne mai ladabi. Bai taɓa shigowa gidan nan hannu sake ba, maganin da nake sha ma sau da yawa shi yake kawowa. Ƙasa ba ta gama bushewa ba ya fara kawo mini magana. Ya ce za a sake tsara unguwar, titi zai bi ta kan tudun nan, takardar da ke hannuna kuma ta wucin gadi ce, ranar da katafila ta dawo ba za ta hana komai ba. Ya ce akwai wani ɗan kasuwa, wanda har yau bai faɗa mini sunansa ba, yana son tudun ya gina wurin ajiyar kifi da ƙanƙara. Zai ba mu fili ninki biyu a yammacin Omdurman, mai cikakkiyar takarda, kusa da kasuwar Suk Libiya inda Muhajir yake da rumfa. Gida huɗu ne a kan tudun nan. Biyu sun riga sun karɓa sun tashi. Saura mu da Sittana.

Tambayar da na yi masa ɗaya ce, ban kuma samu amsarta ba. Idan titi zai cinye wurin, me ɗan kasuwa zai yi da shi? Mai kuɗi ba ya sayen abin da za a rushe gobe. Ya ga inda ruwa bai kai ba bara, kamar yadda kowa ya gani. Hussein ya yi dariya, ya ce harkar manya ce, Iya, ba za ki gane ba. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da sanyi, kafin ƙafafuna su hana ni, na ce ya kai ni in ga filin. Ya yi murna, ya samo mota. Ya nuna mini turakun iyaka, ya nuna mini inda za a kawo famfo, da inda makaranta za ta tsaya. Na ce zan kewaya. Na bi bayan wasu ƙayoyi ni kaɗai, ina tafe ƙafata tana nutsewa cikin yashi fari, sumul, babu dutse. A jikin ƙayoyin akwai busasshiyar ciyawa da tsummoki da ledoji sun maƙale, duk sun kwanta gefe ɗaya, tsayinsu daidai ƙirjina. Iska ba ta jera shara a layi ɗaya haka. Can gaba na ga tulin laka uku masu kusurwa, waɗanda a da ɗakunan mutane ne. Wata mai kiwon awaki ta ce mini masu su sun tashi bayan damina, ba ta san inda suka nufa ba. Na dawo mota na ce wuri ya yi kyau. Ban faɗa masa abin da na gani ba, domin baki shi ke yanka wuya, kuma 'yata tana ɗakinsa.

Ko Hussein ya taɓa zagayawa bayan ƙayoyin nan, ban sani ba. Mai yiwuwa daga mota yake nuna wa mutane fili, shi ma daga mota aka nuna masa. Amma wanda ya ci abinci da sana'ar ƙasa shekara goma, da wuya a ce bai san hor ba.

Na biyar. Rigimar da ke tsakaninku da gidan Sittana ta ƙare ranar da aka karanta wannan takarda.

Ga yadda ta fara, ga wanda ya manta. Sau biyu muka wayi gari muka tarar an cika lambatu da ɓaraguzai. Sabitu, kai ka kwashe na farko kana zagi. A na biyu ka tafi ƙofar Sittana ka ce 'ya'yanta ne suke so su juyo mana da ruwa. Babban ɗanta ya fito, aka yi abin da aka yi, har yau tabon yana goshinka, shi kuma haƙorinsa bai dawo ba. Tun daga ranar ba gaisuwa, ba aron wuta, yaran gidan nan ba sa shiga can. Lambatu kuwa ya zauna rabi a toshe, domin kai ka rantse ba za ka haƙa ɓangarensu ba, su ma sun rantse ba za su taɓa namu ba.

Ka yi fushi, ba ka dubi abin da ka kwashe ba. Ni na duba. Jan bulo ne da fasasshen siminti. Duk unguwar nan, daga tudu har kwari, wa yake da ginin jan bulo da zai rushe? Sittana da kuɗin shayi za ta sayo ɓaraguzai ta yi hayar amalanken jaki? Sawun tayar amalanken ma na gani, daga titi ya hau, titi ya koma. Na tambaye ka wa ya ce maka ya ga 'ya'yan Sittana a wurin, ka ce Hussein ne ya ji a bakin wani. Na haɗu da Sittana a famfo da rana tsaka, muka tsaya kamar masu jiran layi. Na tambaye ta me ya sa 'ya'yanta suke cewa mu muke zuba shara don mu kore su. Ta dube ni ta ce, surukinki ne ya zauna shan shayi a wurina, ya ce yana jin kunyar abin da Sabitu yake yi.

Ban ga hannun kowa a kan shebur ba. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ni mai shirin tsayuwa gaban Allah ce, ba zan rantse a kan abin da idona bai gani ba. Amma ku yi lissafin da na yi. Idan lambatu ya kai damina a toshe, ruwa zai kwanta a gindin katangarmu ko ta Sittana, ko duka biyun. Idan katanga ta faɗi, wanda ya ƙi sayarwa da bazara zai roƙi a saya da kaka, a kan abin da aka ga dama. Wa zai ci ribar wannan? Ba mu ba, ba Sittana ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sittana daga Kurdufan fari ya koro ta, shekarar da ya koro mu. Ta binne 'ya'ya biyu a hanya. Ba yarenmu ɗaya ba, amma ba ni da 'yar'uwa a ƙasar nan da ta fi ta. Sabitu, kai ne babba, kai za ka fara zuwa. Ka tafi da sukari da ganyen shayi, ka gaishe ta, ka nemi ɗanta ka ba shi hannu. Ba sai an tantance wanda ya fara duka ba.

Na shida. Shari'a ta ba ni iko da sulusin abin da na mallaka, in bayar da shi ga wanda ba magajina ba. Ga inda na sa shi. Ɗakin tsakiya mai harsashin dutse, da rumfar da ke gabansa, da zirin ƙasar da ya tashi daga ƙofarsa ya bi lambatu har bakin hanya, na yi wakafinsu saboda Allah ga mutanen unguwar nan. Malam Suhaib ya zo ya auna da igiya, ya ce bai kai sulusi ba. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Duk wanda ruwa ya rushe wa ɗaki, namu ko ba namu ba, ya shigo da iyalinsa har ya tayar da bangonsa. Ganguna biyu na dawa da ke ciki suna cikin wakafin. Mai riƙon mabuɗi ita ce Sittana. Bayanta, jama'ar masallaci su zaɓi wata mace daga mazauna kwari, kada a ba ɗan gidan nan, kada a ba surukin gidan nan.

Na san abin da na yi. Na san babu ɗan kasuwar da zai sayi gida mai ɗakin jama'a a cibiyarsa, da hanyar jama'a ta ratsa shi. Da gangan na yi. Sauran gidan naku ne, Malam zai raba muku yadda Allah ya ce, namiji rabon mata biyu. Kowa ya san ɗakinsa, ya zauna ko ya sa wanda ya yarda da shi. Takardar filin tana hannun Malam Suhaib tun watan jiya. Wanda ya bincika ƙarƙashin katifata ran Juma'ar da aka kai ni asibiti, ya mayar da zanen gadon a juye, ya huta da nema.

Na bakwai. Abin da za ku riƙa yi kowace shekara, ina raye ko ba na raye. Shekarun nan ba irin na ƙuruciyata ba ne. A da damina tana zuwa da sallama, ta zauna, ta tafi da sallama. Yanzu ko ta ƙi zuwa sam, ko ta juye ruwan shekara a yini ɗaya. Ƙasar nan kuwa ba ta da abin da za ta tare ku da shi. Wanda zai zo ceto, in ma zai zo, sai bayan an gama binne mutane.

Kafin guguwar farko ta bazara, a yaɓe rufi da katanga, a zura sanda cikin kowane indararo. A haƙe lambatu tun daga sama har kwari, zurfin gwiwa, a bi shi da ido kowace safiya har damina ta wuce. Gangunan dawa su zauna a kan duwatsu, bakinsu a liƙe da laka. Ku ci tsohuwa ku zuba sabuwa da kaka lokacin da take da araha, kada ganga ta kwana a wofi. Dawar nan ta fari ce kuma ta ambaliya ce, domin duka biyun da yunwa suke ƙarewa. Idan ruwa ya kwanta a gari, kada wanda ya sha abin da ba a tafasa ba, ko da daga famfo ya fito, ko da gawayi ya yi tsada. A ajiye gishiri da sukari a gwangwani daban saboda mai zawo, kada a taɓa su don shayi. Takardun haihuwa da na makaranta a naɗe su a leda a rataye a azara. Kada a kwantar da yaro ko marar lafiya a jikin bangon laka ranar da aka yi ruwa, ko da sama ta washe. Ku zauna tun yanzu ku san wanda zai ɗauki wane yaro.

Rediyo ku saurare shi, amma kada ku jira shi. Na ji shi yana cewa amfanin gona ya yi albarka a shekarar da muke layin burodi tun asuba. Ku dubi masuntan bakin madatsa. Ranar da suka ja jiragensu can sama da inda suka saba ɗaurewa, ku ma ku ɗaga kayanku. Kuma duk wanda ya nuna muku fili da rani, ku ce za ku dawo ku gan shi a watan Agusta. Idan ya ce sauri ake yi, wani zai riga ku, ku bar wa wanin.

Na takwas, kowa da tasa.

Sabitu, rediyon da akwatin kayan aikin mahaifinku na riga na ba ka hannu da hannu, naka ne. Kana da ƙarfi da gaskiya, amma duk wanda ya san inda zuciyarka take zai iya tuƙa ka kamar motocin da kake gyarawa a unguwar Alshajara. Idan aka kawo maka magana mai tayar da rai, ka fara tambayar kanka me mai kawowar zai samu.

Muhajir, na gan ka ta taga kana auna tsakar gida da taku, kana motsa baki. Ban yi fushi ba. Na san kana fita kafin rana ta fito, kana canza mota uku kafin ka kai rumfarka, na san matarka ta gaji da zaman nesa da danginta. Ba na zarginka da mugunta, ina zarginka da gajiya, kuma gajiyayye da ɗan abu kaɗan ake sayensa. Ban san abin da aka yi maka alkawari ba idan cinikin ya faɗa, ban kuma tambaya ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Kai ne ka tono Nana da hannunka, kana ɗan shekara goma sha bakwai, ka ɗauko ta ka kawo mini. Ka je filin nan kai kaɗai, ka zagaya bayan ƙayoyin, ka tsaya ka auna sharar da ƙirjinka. Sannan ka dawo ka dubi 'yarka Iman. Idan zaman Omdurman ya zama dole, ka kama hayar ɗaki a inda tsofaffin gidaje suke, inda bangon ya ga damina talatin yana tsaye.

Husna, 'yan kunnena da tukwanen ƙarfe na ba ki, suna wurinki a unguwar Alsahafa. Ranar da kika ce in ba ki takardar fili a yi mata hoto saboda tsaro, idonki yana ƙasa. Na san aiko ki aka yi, na kuma san ba ki san dalili ba. Ban ce ki bar mijinki ba. Uban 'ya'yanki ne, bai taɓa ɗaga miki hannu ba, kuma mai yiwuwa shi ma wani ne yake tura shi daga sama, wanda yake jin tsoronsa. Ki zauna da shi da mutunci. Amma rabonki na gidan nan naki ne, ba nasa ba. Kada ki dangwala yatsa a kan wata takarda sai Malam Suhaib ya karanta miki ita, yayyenki biyu suna zaune.

Kai kuma Hussein, tunda kana ji. Idan na zalunce ka da zato, ka yafe mini, ni ma na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba. Hanyar wanke kanka a buɗe take, kuma ba ta da tsada.

Na tara, shi ne na ƙarshe. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu da yamma, ba na jin zan ga ruwan farko. Idan haka ta kasance, ranar da aka tashi daga makoki kada kowa ya koma gidansa. Ku kira 'ya'yan Sittana, ku fito da shebur da daro, ku fara daga saman tudu. Shebur na farko a miƙa wa Hussein a gaban jama'a. Idan ya karɓa ya tuɓe jallabiya ya shiga rami, ku ci abinci da shi a akushi ɗaya, kada wanda ya sake tayar da maganar nan har abada, a binne ta tare da ni. Idan ya ce yana da uzuri a cikin gari, ku bar shi ya tafi da sallama, kada a zage shi, kada a taɓa shi. Kun dai gani.

Ku riƙe salla. Ku riƙa haɗuwa a gidan nan kowace Juma'a, ko da busasshiyar kisra, gurasar dawa, za ku ci, domin 'yan'uwan da suke ganin juna kowane mako da wuya a shiga tsakaninsu. Ku yi wa yaranku Hausa ko sun amsa da Larabci. Wanda ya samu ya tuna da wanda bai samu ba, wanda ya ji magana a kan ɗan'uwansa ya je ya tambaye shi ido da ido.

Na yafe muku nonon da kuka sha da wahalar da na yi a kanku. Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah ya ba ku ruwa mai amfani, ya tsare ku daga wanda yake rushewa, ya tsare ku daga shekarar da babu shi. Allah ya jiƙan Ibrahimu da Nana da iyayenmu, ya sada ni da su cikin rahama. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Mahaifiyarku,
Hadizatu 'yar Ado